Baba Yara da 'Ya'yan Zongon Kumasi: Daga Barikin Soja zuwa Filin Ƙwallo

Gabatarwa

A Ingila, a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, saurayi guda yana iya haɗa sana'ar ƙwallon ƙafa da aikin sojan sama. Stan Mortensen na ƙungiyar Blackpool ya yi aikin sadarwa a cikin jirgin yaƙi, ya tsira da ransa daga haɗarin jirgi, bayan yaƙi ya koma fili har ya zura ƙwallo uku a wasan ƙarshe na kofin ƙalubalen Ingila a 1953. Abokin wasansa Stanley Matthews ma kakin mayaƙan sama ya sa a lokacin yaƙin. A ƙasar Gold Coast kuwa, wato Ghana ta yau, hanyoyin nan biyu duk a toshe suke ga ɗan talakan Zongo. Idan yaƙi ya zo, a ƙasa yake yin sa, da bindiga a kafaɗa ko kaya a ka. Idan kuma Allah ya ba shi baiwar ƙwallo, tafi da kirari ne ladarsa, domin babu ƙungiyar da ke biyan albashin wasa.

Wannan maƙala ta bi rayuwar Osman Seidu, wanda duniya ta sani da Baba Yara, haifaffen Kumasi, wanda ya rayu daga 1936 zuwa 1969. Rayuwarsa gajera ce, amma ta ratsa zamanin yaƙi da zamanin 'yancin kai da zamanin korar baƙi. Ta cikinta ana iya ganin yadda al'ummar da aka daɗe ana kira baƙi ta nemi gurbinta a ƙasar Ghana, da farko ta hanyar aikin soja, daga baya ta hanyar ƙwallo, da kuma abin da ta samu da abin da ta rasa a wannan nema.

Asalin Zongon Kumasi

Kalmar zongo ita ce zango a Hausar Kano da Katsina, wato masaukin ayari, inda fatake ke sauke kaya su kwana. A Ghana ma'anarta ta faɗaɗa, ta koma unguwar Musulmi 'yan arewa a cikin garuruwan kudu. Goro ne ya fara jawo Hausawa zuwa wannan yanki. Tun ƙarni na 18 ayarin ƙasar Hausa ke bin hanyar Gwanja, a ƙarni na 19 kuma Salaga ta zama babbar kasuwar da fatake ke kai tufafi da fatu da kanwa, su komo da goron kurmin Asante, mutanen da Hausawa ke kira Tonawa. A cikin Kumasi kanta akwai malamai Musulmi da ke rubuta wa sarki wasiƙu da layu. Jakadun Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da su a fada.

Abubuwa uku ne suka haifar da Zongon Kumasi na yanzu. Na farko shi ne yaƙin basasar Salaga na 1892, wanda ya tarwatsa 'yan kasuwa da malamai zuwa wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka bar Salaga har da shahararren malami kuma marubucin waƙoƙin Hausa, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete-Krachi har ya rasu a 1934. Na biyu shi ne shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896, lokacin da suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya, suka buɗe garin ga baƙi. Na uku shi ne isowar jirgin ƙasa daga Sekondi a 1903 da bunƙasar noman koko, waɗanda suka jawo leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina: Hausawa da Yarabawa da Mosawa da Zabarmawa da Wangarawa da Dagombawa da Fulani.

Waɗannan ƙabilu ba su da harshe ɗaya, sai Hausa ta zama harshen kasuwa da masallaci da wasan yara a unguwanni irin su tsohon Zongo da Sabon Zongo da Yalwa da Aboabo da Asawase. Hausar ta ɗauki kamanninta na daban. Alal misali, yawancin masu magana da ita ba su bambanta jinsin namiji da na tamace a nahawu kamar yadda ake yi a Kano. Ta kuma ba wa sauran harsunan Ghana kalmomi: abincin da ake kira waakye daga wake ya samo suna, haka nan koko da ƙosai da tuwon zafi. Masaniyar Amurka Enid Schildkrout ta yi nazarin wannan al'umma a littafinta People of the Zongo na 1978, inda ta nuna yadda jikokin baƙi mabambanta suka narke suka zama abu guda, wato 'yan Zongo.

Zongo da Kakin Soja

Akwai wata hanya ta biyu da Hausa ta shigo Kumasi, ita ce ta bariki. A 1863 Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a Legas daga bayin da suka gudo masu jin Hausa. An kawo irin waɗannan sojoji Gold Coast a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, daga nan aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi a 1879, wadda ta zama rundunar sojan Gold Coast a 1901, aka kuma sa mazauninta a Kumasi. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, da Asante suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a ganuwar Turawa da ke tsakiyar gari, sojojin da ake kira Hausa ne suka tsare ganuwar. Wannan ya bar tabo a zukatan masu gari, domin a idonsu ɗan arewa mai jin Hausa shi ne hannun da Bature ya ci su da shi.

Gaskiyar magana, yawancin waɗannan sojoji ba Hausawa ne ta haihuwa ba. Akwai Gurunsawa da Frafra da Dagarti da Mosawa da Zabarmawa, amma da Hausa ake ba su umarni, da ita suke hira a bariki, idan sun bar aiki kuma a Zongo suke zama su yi aure. Kirarin rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri. Sojan da tarihi ya rubuta cewa shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Birtaniya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agustan 1914, ɗan wannan runduna ne mai suna Alhaji Grunshi.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, mutanen Gold Coast sama da dubu sittin suka shiga soja. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, shi ya sa barikin sojan Kumasi ke ɗauke da sunan Uaddara, wani fagen daga a kudancin Habasha. Daga baya aka kwashe su zuwa Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, tare da 'yan'uwansu na Nijeriya da Saliyo da Gambiya. Sun yi gumurzu da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, suka kama Myohaung a Janairun 1945. A wancan kurmi babu hanyar mota. Jirage ne ke jefo abinci da harsashi daga sama, 'yan dako na Afirka su ɗauka a ka su hau duwatsu da shi.

Jirage a Sama, 'Yan Zongo a Ƙasa

Gold Coast ta taka muhimmiyar rawa a yaƙin sama, ko da yake ba a cika ambaton haka ba. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya, ga shi kuma ana bukatar jiragen yaƙi a Masar. Sai aka koma kawo su cikin akwatuna ta teku zuwa tashar Takoradi, a harhaɗa su a can, matuƙa su tashi da su ayari-ayari. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, jirage ƙirar Hurricane suna biye da wani ƙirar Blenheim mai nuna hanya. Zangonsu su ne Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai El Fasher da Khartum, har Masar, tafiyar kusan mil dubu huɗu. Hanyar ta yiwu ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren Janar de Gaulle a Agustan 1940. Kafin ƙarshen 1943 jirage sama da dubu biyar sun bi wannan hanya.

Jama'ar ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila sun kuma tara kuɗin sayen jirage, har aka laƙaba wa wasu rukunan mayaƙan sama sunayensu. Rukuni na 218 da na 183 sun ɗauki sunan Gold Coast, na 91 mai jiragen Spitfire ya ɗauki sunan Nijeriya. Suna ne ya tashi sama, amma 'ya'yan ƙasar a ƙasa suka tsaya, suna sauke akwatuna, suna share filin sauka, suna gadi. A Oktoban 1939 ne Birtaniya ta dakatar da dokar da ta keɓe muƙaman hafsoshi ga farar fata, amma 'yan Afirka ta Yamma da suka samu shiga aikin jirgi ba su taka kara sun karya ba. Waɗanda suka samu ɗin, 'ya'yan gidajen boko ne na bakin teku, irin su Peter Thomas na Legas, wanda ya zama hafsa matuƙin jirgi a 1942 ya rasu a haɗarin jirgi a Wales a Janairun 1945, da Johnny Smythe na Freetown, mai duba hanya a jirgin jefa bom, wanda Jamusawa suka harbo suka kama a 1943.

Sharaɗin shiga shi ne Turanci da lissafi na makarantar sakandare. Makarantun kuwa akasarinsu na mishan ne, iyayen Zongo kuma suna gudun su saboda tsoron a raba 'ya'yansu da addini, sai suka riƙe makarantar allo. Ta haka ƙofa ta rufu ta fuska biyu. Ghana ba ta samu rundunar sojan sama tata ta kanta ba sai a 1959.

Sojojin da suka dawo daga Bama sun tarar da tsadar kaya da rashin aiki da ƙarancin fansho. A ranar 28 ga Fabrairun 1948 suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna a Accra, birnin da Hausawa ke kira Ankara, aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta kai har Kumasi, ita ce kuma ta gaggauta tafiyar da ta kai ga 'yancin kai a ranar 6 ga Maris 1957.

Tashin Baba Yara

A cikin wannan yanayi Osman Seidu ya yi ƙuruciya. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga Oktoban 1936, cikin al'ummar Musulmin Zongo. Bai cika shekara uku ba aka fara yaƙi, bai cika tara ba aka gama. Laƙabin da ya ɓatar da sunansa na yanka, Baba Yara, kalmomi ne biyu na Hausa da kowane yaron Zongo ya san su. Shekara guda kafin haihuwarsa, a 1935, abubuwa biyu sun faru a Kumasi waɗanda suka shafi makomarsa: Turawa sun maido da haɗaɗɗiyar masarautar Asante a ƙarƙashin Prempeh na Biyu, sannan a ranar 31 ga Agusta aka kafa ƙungiyar Asante Kotoko, wadda sarki ya zama ubanta. Kotoko na nufin beguwa, dabbar da ke alamta ƙarfin yaƙin Asante. Saboda haka ƙungiyar ta wuce kulob ɗin wasa kawai, tuta ce ta masu gari.

Ba da ƙwallo ya fara neman abinci ba. Daga 1950 zuwa 1955 ya yi aikin hawan dokin sukuwa a filin tsere na Accra, sana'ar da ke bukatar jiki marar nauyi da ƙarfin zuciya da iya karanta tazara. A 1955 Kotoko ta ɗauke shi, ta sa shi a gefen dama da riga mai lamba 7. A wannan shekara kuma aka kira shi ƙungiyar ƙasa, ya buga wasan da Gold Coast ta lallasa Nijeriya da ci 7 da nema a Accra, shi ya zura biyu daga ciki, alhali bai kai shekara ashirin ba. Har yau Nijeriya ba ta taɓa shan kashi irin wannan a hannun Ghana ba.

Abin da ya fitar da shi daban shi ne gudu da yanka da iya aika ƙwallo daga gefe ta sauka daidai kan mai ci. Da shi Kotoko ta ɗauki kofin lig a 1959. An zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Ghana a 1959 da 1960, 'yan jarida kuma suka naɗa shi sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma. Ba shi kaɗai ne ɗan Zongo a Kotoko ba, akwai Mohammed Salisu a gefen hagu da Dogo Moro a baya. Jikokin waɗanda Hodgson ya kare kansa da su a 1900, ga su sanye da jar rigar beguwa, jama'ar Asante suna kiran sunayensu.

Duk da wannan suna, ƙwallo ba sana'a ba ce a hukumance. Ingila ta halatta biyan 'yan wasa tun 1885, kuma baƙar fata na farko da ya ci abinci da ƙwallo a can ɗan Gold Coast ne, Arthur Wharton, haifaffen Accra a 1865, mai tsaron gida, wanda ya sa hannu da Rotherham Town a 1889. Amma a ƙasarsu ta haihuwa, inda aka kafa kulob na farko a Cape Coast a 1903 da Hearts of Oak a 1911, ɗan wasa yakan kasance direba ne ko akawu ko ɗan kasuwa, abin da zai samu a fili bai wuce kuɗin mota da ihsanin masoya ba. Wanda yake son albashi sai ya yi ƙaura, kamar yadda C. K. Gyamfi ya tafi Fortuna Düsseldorf ta Jamus a 1960. Ghana ba ta mayar da gasarta ta ƙwararru masu albashi ba sai a 1993.

Ƙwallo da Siyasar Nkrumah

Kwame Nkrumah ya gane tun da wuri cewa ƙwallo na iya haɗa ƙasar da ƙabilanci ke neman rabawa. A shekarar 'yancin kai Stanley Matthews ya zo Ghana bisa gayyatar Hearts of Oak, ya buga wasanni, aka yi masa naɗin sarkin ƙwallo irin na gargajiya. An sa wa ƙungiyar ƙasa suna Black Stars, aka damƙa harkar wasanni a hannun Ohene Djan, wanda ya zama daraktan wasanni na ƙasa a 1960.

Sai dai Kumasi ita ce cibiyar adawa da Nkrumah. A can aka kafa jam'iyyar NLM a 1954 mai neman mulkin tarayya, jam'iyyar Musulmi ta MAP kuma, wadda ƙarfinta ke cikin Zongo, ta haɗa kai da ita. Watanni kaɗan bayan 'yancin kai, a Agustan 1957, gwamnati ta ba da umarnin korar Sarkin Zongon Kumasi Alhaji Amadu Baba da Alhaji Othman Larden daga ƙasar. Suka garzaya kotu suna cewa su haifaffun ƙasar ne. Kafin a yanke hukunci majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu, aka tasa ƙeyarsu zuwa Nijeriya. Wato a daidai lokacin da wani ɗan Zongo ke ɗaga tutar Ghana a fili, ana ce wa sarkin unguwarsu shi ba ɗan ƙasa ba ne.

A 1961 Ohene Djan ya kafa Real Republikans, ƙungiyar da jama'a ke kira ta Osagyefo, wato ta Nkrumah kansa. Tsarinta shi ne a ɗebo fitattun 'yan wasa biyu daga kowane babban kulob, a tara su a Accra suna wasa tare kullum, domin su zama ƙashin bayan Black Stars. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da Dogo Moro. Mutanen Kumasi sun ji zafin abin ƙwarai, sun ɗauke shi a matsayin wata dabarar karya lagon Asante. Ta fuskar wasa kuwa dabarar ta yi aiki. Republikans ta ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere, ta kuma ɗauki lig a kakar 1962 zuwa 1963. A Agustan 1962 Black Stars ta yi kunnen doki 3 da 3 da Real Madrid ta su Di Stéfano da Puskás a Accra. 'Yan wasan sun samu kulawar gwamnati da guraben aiki a ma'aikatunta, amma a takarda 'yan sa-kai ne. Abin dogaronsu shi ne alfarmar masu mulki, alfarma kuwa tana ƙarewa ranar da mai ita ya sauka.

Haɗarin Kpeve

Ranar 24 ga Maris 1963 Republikans ta je Kpandu a yankin Volta, ta ci Volta Heroes 5 da nema. A hanyar komowa Accra motar 'yan wasan ta ƙwace a wata kwana kusa da Kpeve, ta daki gefen hanya. Da yawa sun ji rauni, amma na Baba Yara ya fi muni, domin lakarsa ce ta taɓu. Yana da shekara ashirin da shida, yana kan ganiyarsa.

Gwamnati ta ɗauke shi a jirgi zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila, tare da likita daga asibitin soja na 37 da ke Accra. Wannan asibiti yana da tarihin da ya haɗa shi da yaƙin sama. A Fabrairun 1944 ne Dakta Ludwig Guttmann, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a can domin sojojin da suka jikkata, ciki har da matuƙan jiragen da suka faɗo. Shi ne ya shigo da wasanni cikin jinya, ya shirya gasar harbin kibiya ta masu keken guragu a Yulin 1948, wadda ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a Rum a 1960. Ɗan Zongon da zamaninsa bai ba irinsa damar tuƙa jirgin yaƙi ba, sai ga shi kwance a sashen da aka gina wa matuƙa.

An yi fatan zai miƙe cikin 'yan watanni, amma Allah bai nufa ba. Ya komo gida ranar 14 ga Agustan 1963 a kan keken guragu. Bayan wata uku da rabi, ranar 1 ga Disamba, Black Stars ta ci Sudan 3 da nema a Accra ta ɗauki kofin nahiyar Afirka karo na farko, ƙarƙashin koci C. K. Gyamfi. Ta sake ɗauka a Tunis a 1965, lokacin da Osei Kofi na Kotoko ya gaji gefen dama. Ƙungiyar da Baba Yara ya yi shekara takwas yana ginawa ta kai gaci ba tare da shi ba.

Ranar 24 ga Fabrairun 1966 sojoji suka hamɓarar da Nkrumah. Aka rushe Real Republikans, aka sauke Ohene Djan. Kulob ɗin da Baba Yara ya ji rauni a bakin aikinsa ya gushe daga doron ƙasa. Ya yi shekara shida yana jinya, ya rasu a asibitin Korle Bu da ke Accra ranar 5 ga Mayun 1969, yana da shekara talatin da biyu.

Shekarar 1969 da Bayanta

Wata shida bayan rasuwarsa, ranar 18 ga Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar da ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana. A Zongo takarda ba abin da aka saba da shi ba ne. Kakanni sun zo da ƙafa tun kafin a ja iyakoki, jikoki an haife su a gida ba a yi musu rajista ba. Dubun dubatar mutane suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka cika manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, wasunsu zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Nijeriya ta yi irin wannan kora a 1983, a zamanin Shugaba Shehu Shagari, wadda ta fi shafar 'yan Ghana.

Abin lura shi ne, a cikin wannan ƙunci ma filin ƙwallo bai rufe wa 'yan Zongo ƙofa ba. Kotoko da ta ci kofin zakarun kulob na Afirka na 1970, bayan ta doke Englebert a Kinshasa, tana da Ibrahim Sunday da Malik Jabir da Abukari Gariba. An zaɓi Ibrahim Sunday gwarzon ɗan wasan Afirka a 1971, ya tafi Werder Bremen a 1975. Abdul Razak, haifaffen Kumasi, ya samu wannan kambi a 1978, ya tafi New York Cosmos. Alhaji Karim Grusah ya kafa King Faisal a Kumasi, kulob ɗin da ya yaye yara da dama zuwa Turai. Albashin da Baba Yara bai gani ba, na bayansa sun gan shi, har ya kai ga zamanin Mohammed Kudus na unguwar Nima a Accra.

Kammalawa

Babban filin wasa na Kumasi, wanda kamfanin UAC ya gina aka buɗe a 1959, mai ɗaukar 'yan kallo kusan dubu arba'in, an sauya masa suna zuwa na Baba Yara a zamanin Shugaba John Agyekum Kufuor, ɗan Asante wanda ya taɓa shugabantar Kotoko, wanda kuma mataimakinsa Alhaji Aliu Mahama shi ne Musulmi na farko da ya riƙe wannan muƙami. A 2017 gwamnatin Ghana ta kafa ma'aikata da asusu na musamman domin raya unguwannin Zongo.

Tarihin nan ya nuna cewa hanyoyin da aka bar wa ɗan Zongo a buɗe su ne waɗanda ke bukatar ƙarfin jikinsa: dako da gadi da soja da sukuwa da ƙwallo. Ya bi su, ya yi fice, ƙasa ta ci moriya. Waɗanda ke bukatar takardar makaranta ko ta haihuwa kuwa sun daɗe a rufe, kuma rashin takardar nan ne ya hana shi kujerar matuƙi a 1940, ya bar shi ba yarjejeniyar aiki a 1963, ya ɗora shi a motar kora a 1969. Har yanzu idan lokacin rajistar zaɓe ko ta katin ɗan ƙasa ya zo, akan ji koke daga Aboabo da Asawase cewa an tuhumi asalin mutum saboda sunansa ko harshensa. Ga ɗalibin Hausa, darasin shi ne harshen ya yi tafiya mai nisa daga Kano da Katsina, ya zama gida ga mutanen da ba Hausawa ne ta jini ba, kuma tarihinsu wani ɓangare ne na tarihin Hausa da ya cancanci a karanta shi kamar yadda ake karanta na Gobir da Zazzau.